Kafin Ki Sayar da Gonar Kakarki

Tudun Wada, Jos.

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan kin sauka Shandam lafiya, kin kuma sami ɗakin da makarantar ta yi miki alkawari. Allah ya tsare ki a gida da aji da kan hanya, ya haɗa ki da maƙwabta nagari da shugabar makaranta mai haƙuri da sabon malami. Na sa wannan takarda a bakin jakar da mamarki ta zuba miki acca, domin na san ita za ki fara kwancewa.

Ranar Lahadi bayan mun taso daga coci mamarki ta gaya mini shirinki. Ta ce kina so ki sayar da gonar da Kaka Ladi ta bar miki a Bokkos, ki aika wa Kawu Bulus kuɗin a Ingila, ya biya miki digiri na biyu a fannin ilimi ta intanet gaba ɗaya da katinsa, kafin dala ta ƙara tashi. Ta ce har an sami mai saye, yana jiran amsarki a ƙarshen wata. Da muka zauna cin abinci na yi shiru, na kuma ga kin ɗauka fushi ne. Ba fushi ba ne. Kin san ni, in na buɗe baki a kan abin da ya dame ni sai in faɗi rabi in manta rabi. A rubuce ne kawai nake iya kai magana ƙarshenta.

Abu na farko, na ji daɗi. Yarinyar da ba ta ko fara karɓar albashi ba tana tunanin ƙaro karatu a aikin koyarwa, aikin da mutane da yawa suke shiga domin ba su sami wani ba. Na gode wa Allah saboda wannan.

Bana na gama nawa digirin, da furfurata, bayan shekaru ina koyar da lissafi a sakandare. Kin ga ƙarshen abin, ranar da muka cika shagon maƙwabcinmu Oga Chidi muna kallon bikin yayewa a kwamfuta, mamarki tana guɗa tun ba a kai ga sunana ba. Tsakiyar abin ce ba ki gani ba, domin kina jami'a a lokacin, ita nake so in ba ki yanzu. Ba zan rubuta miki adadin kuɗi ba. Ina da rasit ɗin duka, amma farashin da na biya ya riga ya tsufa, ina tsoron ki riƙe tsohon adadi ki yi lissafi da shi.

Kuskurena mafi tsada na yi shi ne tun ban karanta shafi ɗaya na darasi ba. Ina cike takardar neman shiga, na zo wurin adireshi, sai na tsaya. Gidanmu ba shi da lamba. In baƙo zai zo, cewa muke yi ya sauka daga keke a wurin mai niƙa, ya hau dutse, ya bi ta bayan coci, ya tambayi gidan Malam. Na ji kunyar rubuta wa Turawa wannan. Na kuma yi zaton da zarar sun ga Najeriya za su ture takardata gefe. Ana cikin haka katin bankina ya ƙi biyan kuɗin neman shiga, sai na kira kawunki.

Ya ce, "Mijin Yaya, wannan ne ya hana ka sukuni? Sa adireshina kawai, ga katina, ka ba Yaya kuɗin a naira ta ajiye mini."

Da zuciya ɗaya ya yi, har gobe ina gode masa. Aka ɗauke ni. Suka aiko da kuɗin makaranta, na ga nauyinsa, na ce to, haka karatun waje yake. Na biya zango biyu a haka, ina zaton abin da kowa ke biya ke nan.

Muna da guruf na 'yan aji a waya. Wata rana wata malama 'yar Kenya ta yi kukan cewa kuɗin zango ya yi mata yawa, ta faɗi nawa ne. Abin da ta faɗa bai kai rabin nawa ba. Ni kuma, malamin lissafi, sai na bi ta gefe na rubuta mata cikin ladabi cewa wataƙila ta manta ba ta haɗa wani abu ba. Ba ta yi mini gardama ba, hoton wani shafi na makarantar kawai ta turo. An raba ƙasashen duniya rukuni-rukuni, kowane rukuni da farashinsa, gwargwadon ƙarfin aljihun mutanen ƙasar. Najeriya da Kenya suna rukuni ɗaya, na ƙasa. Ingila tana can sama. Shafin ba a ɓoye yake ba, na sha wuce shi ban buɗe ba, domin na ɗauka bai shafe ni ba.

A ofishin malamai na karanta saƙon. Aka kaɗa ƙararrawa, na tashi na shiga aji ɗaya na fara koya musu darasin 'yan aji uku. Sai da wani yaro ya ɗaga hannu ya ce ba a kai su nan ba.

To ki ji, Rifkatu. Ban san dukan makarantun da ke koyarwa ta intanet ba, ba zan ce miki duk haka suke ba. A cikin waɗanda na bincika daga baya, wasu suna rage kuɗi bisa ƙasar da ɗalibi yake zaune, wasu ba sa ragewa sai ka nemi tallafi da kanka, wasu kuwa farashinsu ɗaya ne ga kowa. Kafin kobo ya fita daga hannunki, ki rubuta musu ki tambaya: ni malama ce, ina zaune a Najeriya, nawa zan biya, a wace irin kuɗi, kuma farashin zai tsaya har in gama ko yana canjawa? Ki ajiye amsar. Ki rubuta adireshinki na gaskiya, ko da kwatance ne da bishiyar mangwaro. In kika bar kawunki ya yi miki rajista da adireshinsa kamar yadda ya yi mini, za ki iya sayar da gona sukutum ki sayi abin da ɗan yankinta ya isa ya saya.

Kuskure na biyu, na ɓoye wa mamarki. Kuɗin da na zubar ba nawa ne ni kaɗai ba, akwai adashinta na matan zumunta na coci a ciki. Na kasa faɗa. Na daina hawa keke zuwa makaranta, na koma tafiya a ƙasa, wai ina rage asara. Ita kuwa ta lura takalmina yana cinyewa, ta lura ina juya tuwo ba na ci. Ran nan na bi ta rumfarta a kasuwar Laranto, tana auna wa wata mata dankali. Da matar ta tafi, ta turo mini kujera.

Ta ce, "Baban Rifkatu, zauna. Mace ce ko bashi?"

Na ce ba ko ɗaya, na kwashe duka na gaya mata. Ta dube ni, sai ta fashe da dariya har ta riƙe ciki.

"Wato ka ari rigar Bulus ka shiga kasuwa, aka yi maka farashin mai riga! Ai ba su cuce ka ba. Ni ma in mutum ya fito daga mota mai sanyi, ba na gaya masa kuɗin dankali irin na wanda ya zo da silifa."

Sannan dariyar ta ɗauke. Ta ce kuɗi sun tafi, ba ta da magana a kansu. Abin da ya ɓata mata rai shi ne na bar ta tana tunanin ciwo nake ɓoyewa. Ta ce da na nuna mata takardar tun farko, ita da ba ta wuce aji uku na sakandare ba, tambayar farko da za ta yi ita ce, ba ragi? Gaskiya ta faɗa. Ban taɓa ganin mamarki ta biya farashin farko na komai ba, ni kuwa na ɗauka makaranta ba wurin tambayar ragi ba ne. Saboda haka duk abin da za ki sa hannu a kai, ki karanta wa wani da ƙarfi tukuna. Ba sai mai digiri ba. Kuma in kin yi ɓarna, ki faɗa da wuri. Nauyin ɓoyewa ya fi na asarar.

Na rubuta wa makarantar na faɗi gaskiya, cewa ban taɓa taka Ingila ba. Wata mata a ofishin kuɗinsu ta amsa mini da mutunci, ta ce in aiko da shaida biyu cewa a Jos nake zaune. Nan na gane tabbatar da inda mutum yake ba ƙaramin aiki ba ne. Takardar kuɗin wutarmu da sunan marigayi mai gidan take zuwa. Rasit ɗin haya kuwa a fallen littafin rubutu ɗansa yake rubuta mana. Sai na je wurin mai unguwa.

Ya ce, "Malam, a gabana aka yi sunan 'ya'yanka duka. Yau kuma takarda ake so a san kana nan?"

Ya rubuta, ya buga hatimi, ya ƙi karɓar ko na goro. Shugaban makarantarmu ma ya ba ni tasa. Na kai su shagon Oga Chidi ya ɗauki hotonsu ya tura. Ya karanta, ya tuntsire da dariya, ya kira matarsa daga ciki.

"Zo ka ga Ticha! Mutane yana biya kuɗi ya tafi Ingila, shi ya biya kuɗi, yanzu yana roƙo a dawo da shi Tudun Wada!"

Suka karɓi shaidar, suka mayar da ni rukunin 'yan Najeriya daga zango na gaba. Abin da na riga na biya ba su mayar ba, ban kuma ga laifinsu ba, da hannuna na cike takardar. Amma ki sani, ba don wannan ragin ba da ban gama ba. Da na tsaya a zango na uku, domin babu sauran abin da zan taɓa. Duk wanda ya zauna ya yi tunanin cewa albashin malami a Jos ba ɗaya yake da na malami a Landan ba, ban san shi ba, amma ina sa shi a addu'a. Ke kuma tun yanzu ki sa mai gidanki na Shandam ya riƙa ba ki rasit da sunanki, ki tabbata adireshin da ke bankinki da na takardar ɗaukarki aiki sun zo ɗaya.

Akwai wani abu da ya biyo baya, zan gaya miki domin wata rana za a zo miki da irinsa. Da kawunki ya ji labarin ragin, bayan ɗan lokaci ya kira ni. Ya ce matar wani abokinsa a can tana son irin karatun, ko zan ba ta aron adireshinmu da takardar mai unguwa.

Na ce, "Bulus, ka taimake ni, ba zan manta ba. Amma wannan kam a'a."

Ya ce, "Haba Mijin Yaya, ramawa za ka yi. Sun ci naka, ka ci nasu."

Na gaya masa ba su ci nawa ba, ni na miƙa. Kuma in masu karɓar albashi a fam suka riƙa shiga layin masu karɓar naira, ranar da makarantar ta gane za ta iya rufe layin, wanda zai rasa kuwa shi ne malamin ƙauye da bai san komai a kai ba. Ya ɗan ja baya da ni na wani lokaci, daga baya ya huce, ya ma aiko mini da kwamfutar da na ƙarasa karatun da ita.

Yanzu maganar dala. A nan kina da gaskiya, ba zan rage miki ita ba. Ni na yi lissafina ne da canjin ranar da na fara, na ninka da yawan zanguna, na ja layi biyu a ƙarƙashi kamar yadda nake koya wa yara. Kafin in gama, farashin makarantar bai motsa ba ko kaɗan, amma nairar da nake nema in cika shi ta ninka. Ban kuma sa wasu abubuwa a lissafin ba: abin da banki ke yanka a kowace tura kuɗi, kuɗin data, kuɗin da ake biya domin a sa maka ido ta kyamara lokacin jarrabawa, man janareton Oga Chidi a ranakun da ba wuta, da kuɗin aiko da takardar shaida. Kowanne ƙarami ne, amma da suka taru sun kai kuɗin kwas guda. Saboda haka tsoronki na tashin dala ba shirme ba ne.

Duk da haka biyan kwas-kwas ne ya cece ni. Shekararki ta ƙarshe a jami'a, da kuɗin makarantarki da na binciken kammalawa suka zo tare, na rubuta musu na dakata zango ɗaya. Ba su caje ni komai ba, na dawo na ci gaba daga inda na tsaya. Ba don ki ji nauyi na faɗa ba, ban taɓa yin dakatawar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba. Amma akwai wani ɗan ajinmu daga Gana da ya biya duka tun farko saboda an yi masa ɗan ragi. Aka canja masa wurin aiki zuwa ƙauyen da waya ba ta kamawa, wa'adin karatun ya ƙare masa, kuɗin suka tafi. Abin da ya gaya mana ke nan, ban ga takardunsa ba. Ke ma yau ba ki san ko waya tana kamawa a ɗakinki ba. Ba ki san yawan littattafan da za ki riƙa dubawa kowane mako ba, ko ƙarfin da zai rage miki bayan kin tsaya gaban yara tun safe. Shekarar farko ta koyarwa makaranta ce ita kanta. Ki shiga ta tukuna, za ki ma fi sanin ɓangaren ilimin da kike so ki zurfafa a ciki.

Kuskure na uku har yanzu ina cikinsa. Sai da na ci rabin karatu na tuna ban tambaya ba ko za a karɓi takardar a yi mini ƙarin girma da ita. Da na je ofis aka yi mini bayani cewa takardar makarantar waje sai an tantance ta tukuna. Na bi matakan da aka ce, na miƙa abin da aka nema. A yau da nake rubutu ban sami amsa ba. Ina sa rai, domin na bincika makarantar tana da rajista a ƙasarta, amma sa rai ba amsa ba ce. Ke ki fara da wannan tambayar kafin ta kuɗi. Ki kuma duba jami'o'inmu na gida masu koyarwa daga nesa. Da naira ake biyansu, ba ruwanki da canji, ba kuma a tambayar ingancin takardarsu in an amince da kwas ɗin. Ni ban ko duba su ba, saboda kunyar da ta hana ni rubuta adireshina ita ce ta sa na raina na gida. Ki jera su da na waje, ki haɗa kowane kuɗi har na data, sannan ki zaɓa.

Kada ki karanta duk wannan ki ɗauka na yi nadama. Ko ba a ƙara mini girma ba, na samu. Shekaru ina yin tambaya a aji in nuna wanda ya fara ɗaga hannu, ina cewa na baya ba su da ƙoƙari. A karatun nan na koyi in yi tambaya in yi shiru, in bar su su tattauna biyu-biyu kafin kowa ya amsa. Akwai yarinyar da ta shekara biyu a ajina ban san muryarta ba, yanzu ita ke fitowa allo tana gyara wa samari aiki. Na kuma san yawan mutanen da suka ɗauke ni: mamarki, kawunki, mai unguwa, Oga Chidi da ya riƙa kashe rediyonsa yana korar masu hira daga bakin shago in ina jarrabawa, da malamar Kenya da ba zan taɓa gani ba. Sunana kaɗai ke kan takardar, wannan kuwa bai yi daidai da yadda abin ya faru ba.

Saura maganar gona. Makarantun nan suna nan baɗi, suna nan bayan baɗi, ƙila ma su ƙaru. Gona in ta fita, da wuya ta dawo, in ma ta dawo ba a kuɗin da ta fita ba. Kakarki ta tsallake jikoki maza ta ba ki ita, a gaban dangi, ta sha surutu a kai. Ta ce tana so a sami mace ɗaya a gidan da ke da wurin da ba mai iya korarta. Tun rasuwarta gonar take kwance, wannan kuma laifinmu ne, mu muka bar ta ta zama kamar abin da ba shi da amfani sai a sayar.

Ga abin da muke roƙo. Ki ba mu damina ɗaya. Ni da mamarki za mu noma ta dankali, ita ta sayar a rumfarta, kuɗin su shiga asusunki, ba namu ba. Ke kuma ki yi shekarar kina koyarwa, kina rubuta wa makarantu tambayoyin nan. Ba zan yi miki alkawarin abin da ban tabbatar ba. Dankali yana da ciwon da ke ƙone ganye, farashi kuma yakan faɗi lokacin girbi. A lissafina, in damina ta yi kyau za ta biya miki kwas biyu ko uku a farashin 'yan Najeriya, in ba ta yi ba, ɗaya. Karatun zai ɗauke ki lokaci fiye da yadda kike so, dala kuma tana iya tashi a tsakani. Amma ranar da za ki gama, za ki gama da digiri da gona.

Hukuncin naki ne, Rifkatu, ba da baki kawai nake faɗa ba. In kin auna duka kin ga sayarwa ce ta fi, ki kira ni, ni zan raka ki wurin mai sayen, in tsaya a yi ciniki mai kyau, ba kuma za ki ga canji a fuskata ba. Sai dai ya kamata ki san halin da ake ciki a gida. Na ce wa mamarki kada mu taɓa komai sai mun ji daga bakinki. Ta ce to. Jiya na dawo daga makaranta na tarar da buhu biyu na irin dankali a bayan ƙofa.

Na ce, "Maman Rifkatu, ba mun ce sai ta amsa ba?"

Ta ce, "Ni ban shuka ba, saya kawai na yi. In ta ce a'a, sai ka ci dankali safe da yamma har ka yi wani digirin."

Saboda haka ki taimaki mahaifinki, ki amsa kafin irin ya tsiro a bayan ƙofa.

Allah ya ba ki lafiya da kwanciyar rai a baƙon wuri, ya sa yaran da aka ba ki su ƙaru da ke, ya kare ki daga mugun mutum da mugun ruwa da muguwar hanya. Duk abin da kika zaɓa, ya sa albarka a ciki. Ƙannenki suna gaishe ki.

Ni ne mahaifinki,
Istifanus